Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum ƴan'uwa marubuta, iyayenmu malamai da hajiyoyi.

Zan fara da abin da ake tare ni da shi a hanya, har a Kasuwar Dole: ina kundin gajerun labaran da muka yi alkawari? Bai fito ba, kuma ina so a ji dalili daga bakina kafin a ji a fada. Kwamitin bita ya karanta duk labaran da aka kawo, ya mayar wa kowa da nasa ɗauke da gyara tun kafin damina. Waɗanda suka gyara suka dawo da shi ba su kai rabi ba. Wani ya ce da ni labarinsa ya riga ya zagaya WhatsApp, mutane sun yaba, don haka babu wanda zai taɓa masa harafi. Wata ta daina ɗaga wayata. To da me za mu je wurin mai ɗab'i? Ko da a ce labaran sun kammala, asusu ba zai iya ba. Mun tambayi farashi a nan Damagaram, mun aika an tambaya a Kano, takarda ta yi tsada ko'ina, ga kuɗin mota da canjin sefa zuwa naira. Kuɗin wata da muka tsayar da bakinmu bai kai abin da mutum ke kashewa a shayi cikin mako ba, amma ma'aji ya gaji da bin gidaje, ni ma na gaji. Akwai waɗanda sunansu ke cikin rajista tun kafuwar ƙungiya, bana ko sau ɗaya ba mu ga ƙeyarsu ba, sai dai saƙon neman a saka su a kundi.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi da muka ɗage.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne zaman bitar littafin ƴar'uwarmu, wadda duk kun san ta. Waɗanda ba su zo ba sun yi asara, shi ya sa zan ɗan tsawaita. Ta kawo labarin da ta daɗe tana fama da shi, na wata yarinya da ta tashi a unguwar Birni ta nan Damagaram, ta yarda a karanta shi a bainar jama'a, kowa ya faɗi abin da ya gani. Mun zauna daga bayan la'asar, aka tashi sallar magariba aka dawo, wuta ta ɗauke muka ci gaba da fitilar waya, babu wanda ya nemi tafiya.

Gyaran farko daga wata uwa ya fito. Ta ce, ƴata, yarinyar nan taki kullum da safe sai ta murɗa famfo ruwa ya zubo, a wane Damagaram ne? Ina jarkoki, ina jiran ɗan garuwa, ina tashin dare don tarbar ruwa? Wani matashi ya lura cewa ana ciniki da naira a labarin, alhali a kasuwarmu jika da dala ake kira. Mushe kuma, malamin da ya koyar da da yawa daga cikinmu a lakwal, wato makarantar boko, ya nuna mata shafin da kakan yarinyar ke cewa garin nan ne babban birnin ƙasa har zuwa samun ƴancin kai. Ya tuna mata cewa tun 1926 Turawan mulkin mallaka suka mayar da mazaunin mulki Yamai. Duk waɗannan ta rubuta su ba tare da musu ba. Mun girma da karanta littattafan Kano, muna kuma ƙaunarsu, amma sun shige mana hannu har mukan rubuta unguwarmu da idon wani gari ba mu sani ba.

Inda aka sha wuya shi ne ƙarshen labarin. Masu bin ta a waya sun dame ta da saƙo, kowa na so a wulaƙanta kishiya, a aurar da yarinyar ga mai kuɗi. A zauren kuma wasu suka ce a yanke babi uku na tsakiya, sun yi sanyi. Na ga idonta ya kawo ruwa, domin babin da aka fi suka shi ne wanda ta fi so. Shawarar da muka ba ta, wadda nake so ta zama ƙa'idarmu, ita ce: idan mutane da yawa suka yi tuntuɓe a wuri guda, to akwai dutse a wurin, ta koma ta duba. Amma yadda za a kawar da shi aikinta ne. Ta ajiye rubutun wata guda ba ta buɗe ba. Da ta dawo, ta haɗe babi ukun suka zama ɗaya, ta bar ƙarshen yadda ta ga ya dace, ta ƙi hukunta kishiyar. Na karanta sabon kwafin a dare ɗaya, kuma wallahi ba a haɗa shi da na farko.

Ragowar aikin na ƙa'idar rubutu ne, kuma matsalar ta shafe mu duka. Da Faransanci muka yi karatu, hannu ya saba sa "ch" inda ake son "sh", da "ou" a wurin "u", ga haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da ake zubarwa saboda ƙyuyar neman su a waya. Bana ne dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Idan mu da muke kiran kanmu marubuta ba mu bambanta "kafa" da "ƙafa" a takarda ba, wa zai yi? Horon da muka shirya kan wannan bai yiwu ba, domin malamin da ya amince zai zo kyauta kuɗin mota kawai ya nema, shi ma ba mu da shi. Ba sakacin kwamiti ba ne.

Littafin ƴar'uwarmu yana hannun masu duba rubutu yanzu. Wani ɗan'uwa ya riga ya miƙa nasa don zaman bita na gaba, muna neman waɗanda za su karanta shi tun daga farko har ƙarshe kafin ranar, ba shafi biyar ba. Masu labarai a kundi su dawo da gyaransu kafin taron wata mai zuwa, wanda bai kawo ba za mu ci gaba ba tare da shi ba. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji, littafin asusu a buɗe yake ga duk mai son dubawa.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, Damagaram