Zuwa ga Ummi, Game da Iskar Ɗakin Tiyatar Yara

Ummi,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yayarki ta shaida mini an mayar da ke ɗakin tiyatar yara, kuma kin karɓa ba tare da kin sanar da shugabarku kina da juna biyu ba. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Na yi shekara 22 a irin wannan ɗaki a nan Kaduna, na san yadda ake sa yaro barci. Babba allura ake yi masa a jijiya, amma yaro yakan ƙi allura, sai a kifa masa robar numfashi a hanci da baki, yana kuka yana fizge kai, ke kuma kin sunkuya kin danne masa hannu, fuskarki dab da tasa. Duk abin da ya zurare ta gefen robar, halotan ne ko sebofuluren, wato iskar sa barci, ke za ki fara shaƙa. Ciwon kai da jirin da kike ɗora wa laulayi, ni ma na sha su ba tare da ciki ba.

Tun 1977 hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ba da shawara kada irin su halotan su wuce kashi 2 cikin miliyan na iskar ɗaki, naitiros kuma, wata iskar sa barcin, kashi 25. Wa ya taɓa auna muku? An yi bincike da ya danganta yawan shaƙar wannan iska da ɓari, musamman inda babu na'urar zuƙe ta waje. Kin san abin da ya same ni tsakanin Yayarki da ke. Allah ne masanin dalili, amma a lokacin ko taga ba ma buɗewa.

Wannan zurfin cikin naki ya ishe ni. Mahaifinki ya ce na cika tsoro, to, shi bai kwanta a gadon da na kwanta ba. Ban ce ki bar aiki ba, ni na sayar da sarƙata kika yi karatun nan. Gobe ki sami shugabarku ki gaya mata gaskiya, ki roƙi a sauya miki sashe har ki sauka. Kafin nan, ki duba ko na'urar zuƙe iska tana aiki, ki tabbatar an rufe iskar kafin a ɗage robar, kuma ki janye fuskarki.

Ki yi haƙuri da faɗana. Na dafa miki zogale, Sani zai kawo ranar Asabar. Allah Ya raba lafiya.

Mahaifiyarki,
Unguwar Rimi