Bazawarar Wyoming ba ta yi laifi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan muhawarar da ta ɓarke a shafinku na adabi, tun da kuka kawo taƙaitaccen labarin littafin soyayyar nan na Turanci wanda aka gina a kan rayuwar yammacin Amurka a zamanin kaboyi. Makonni uku ke nan ina bin wasiƙun masu karatu. Niyyata in yi shiru, sai ga wasiƙar wani ɗan'uwa daga Gusau a makon jiya, inda ya kira jarumar littafin mai kwaɗayi da son abin duniya, ya ce da shi ne mijin da tuni ya mayar da ita tashar jirgin da ta sauko. Wata baiwar Allah daga Maraɗi ma ta ce macen kirki ba ta gindaya wa mai neman aurenta sharaɗin fili. Maganganun nan biyu sun tsaya mini a rai.

Littafin na karanta shi da kaina, sau biyu. A wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari na tsince shi, bangonsa duk ya yage. Ni kuwa tarihi na koyar a sakandaren 'yan mata har na ajiye aiki, shi ya sa idan labari ya ambaci shekara da gari sai hankalina ya tafi ga abin da ke faruwa a wurin a lokacin.

Ga waɗanda ba su ga fitowar farko ba: wata bazawara ce daga gabashin ƙasar, a shekarar 1881, ta ga tallar wani mai garken shanu a jarida yana neman mata. Suka yi ta musayar wasiƙu, ta hau jirgin ƙasa zuwa Cheyenne a yankin Wyoming, daga can ta shiga keken doki ta yi kwanaki zuwa kwarin kogin Powder inda yake zaune. Da isarta ta ce ba za a ɗaura aure ba sai ta je ofishin filaye ta yi rajistar gona da sunanta. Abin ya yi masa zafi, ya ɗauka raini ne. Rabin littafin wannan ja-in-ja ne, kafin zukata su sauko.

To, Malam Edita, mu da muke karanta wannan labari daga nan, akwai abin da muka taso muka tarar, har ba ma lura da girmansa. A shari'ar Musulunci sadakin mace nata ne. Gadon da ta ci daga iyayenta nata ne. Idan ta yi kiwon akuyoyi ko ta sayar da ƙuli-ƙuli, kuɗin nata ne, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Matar Amurka ta wancan ƙarni a wata doka daban ta taso, wadda suka gada daga Ingila. A wannan doka, ranar da mace ta yi aure ita da mijinta sun zama mutum ɗaya a gaban alƙali, kuma mijin ne mutumin. Kayan ɗakinta da kuɗinta da ladan aikinta duk su koma hannunsa. Idan ya ci bashi, masu bin bashi suna iya kwashe abin da ta zo da shi daga gidansu. Jihar New York ta fara gyara wannan a 1848, jihohi da yawa suka biyo a hankali, kowace da nata lokacin. Ingila kanta sai a 1882 ta yi dokar da ta bar wa matar aure cikakken ikon dukiyarta, wato shekara guda bayan lokacin da aka sa labarin nan. Marubuciyar ta nuna mana a farkon littafin yadda jarumar, tana yarinya, ta ga an fitar da kayan mahaifiyarta ana gwanjonsu a ƙofar gida saboda bashin mahaifinta. Taƙaitawar da kuka buga ta tsallake wannan wurin, kuma ina jin shi ya sa mutane suka yi mata mummunar fahimta.

Sai kuma dokar filayen ita kanta. A watan Mayun 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ce duk wanda ya kai shekara 21, ko yake shugabantar iyali, yana iya karɓar eka 160 na ƙasar gwamnati, wajen hekta 65 ke nan. Kuɗin rajista da na kammalawa gaba ɗaya dala 18. Sharaɗin shi ne ya gina ɗaki a wurin, ya noma, ya zauna shekara 5, sannan ya kawo shaidu biyu a ba shi takardar mallaka. Budurwa tana iya nema, bazawara tana iya nema, amma matar aure da ke zaune da mijinta ba ta da wannan dama, domin a idon doka mijin ne shugaban gida. Ka ga ke nan ƙofa ɗaya ce jarumar take da ita, kuma ranar ɗaurin aure za ta rufe. Ina kwaɗayi a nan? Mace ce da ta taɓa binne miji, ta yi tafiyar ɗaruruwan mil zuwa wurin mutumin da ba ta taɓa gani ba sai rubutun hannunsa, babu uba, babu wa, babu kawun da za ta kai wa ƙara idan abu ya ɓaci. Ko 'yarka ce, me za ka ba ta shawara ta yi?

Wannan magana ta taɓa ni ne domin na ga irinta a gidanmu. Yayata ta yi shekaru tana zuba kuɗin adashenta a ginin gidan da suke ciki da mijinta, ba tare da ko ɗan guntun takarda ba, saboda tana jin kunyar a ce ba ta yarda da shi ba. Da Allah ya yi masa rasuwa, kafin ta fita takaba an riga an sa gidan dukansa cikin gado. Tumuninta kawai aka ba ta. Shari'a ta ba ta haƙƙin abin da ta zuba, amma babu shaida, kuma waɗanda suka sani suka yi gum. Har ta koma ga Mahaliccinta a ɗakin haya take. Saboda haka idan na ji ana cewa macen kirki ba ta neman takarda, sai in tuna da ita.

Kada kuma a ɗauka rajistar fili a can hutu ne. Yawancin wuraren babu itatuwa, da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa ake gina ɗaki, busasshen kashin shanu ake hura wuta da shi. A 1874 fara ta sauka a gonakin Kansas da Nebraska ta cinye komai. Hunturun 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu ba adadi a Wyoming da Montana, masu manyan garkuna da yawa suka karye. Bayan yanayi kuma ga mutane. Manyan masu shanu sun saba kiwo a fili ba shinge, ba sa son ganin ƙaramin manomi ya zagaye bakin rafi da waya mai ƙaya. Akwai wata mata ta gaske, Ella Watson, wadda ta yi rajistar fili da sunanta kusa da kogin Sweetwater a Wyoming ɗin nan. A watan Yulin 1889 wasu masu shanu suka kama ta tare da abokin zamanta James Averell, suka rataye su bisa zargin satar shanu, kuma babu wanda aka hukunta. A 1892 manyan masu garkuna suka ɗauko 'yan bindiga haya daga Texas suka shiga gundumar Johnson don su kawar da ƙananan makiyaya, a daidai yankin da aka sa labarin littafin. Duk mai sanin wannan zai karanta taurin kan jarumar da wani ido.

Masu cewa irin waɗannan littattafai suna ɓata tarbiyya, ba zan daɗe a kansu ba. Haka aka yi ta faɗa wa marubutan littattafan soyayya na Kano tun shekarun 1980. Gaskiya akwai shafuka biyu ko uku a littafin da ba zan miƙa wa jikata 'yar shekara 14 ba, kuma kun kyauta da kuka tsallake su. Amma babba mai hankali ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Inda nake da ƙorafi da littafin wani wuri ne daban, kuma cikin wasiƙun da kuka buga ban ga wanda ya taɓo shi ba. Filin nan da jarumar ta yi rajista, na wa ne kafin ta zo?

Marubuciyar ta kwatanta kwarin kogin Powder kamar wurin da tun halittar duniya babu wanda ya taka, ciyawa har gwiwa, sararin sama ba iyaka, ƙasa tana jiran mai garma. Wannan ba gaskiya ba ne. Wurin farautar mutanen Lakota da Cheyenne da Arapaho ne, waɗanda muka taso muna kira Indiyawan daji saboda finafinan kaboyi da aka riƙa nunawa a silima. Sunan nan ya kamata mu bar shi, domin mutane ne masu harsunansu da shugabanninsu da dokokinsu, kuma su ne 'yan asalin ƙasar. Sun yi yaƙi a kan wannan kwari ƙarƙashin jagorancin Red Cloud, wani shugaban Lakota, daga 1866 zuwa 1868, har gwamnatin Amurka ta rufe sansanonin sojanta na wurin, ta sa hannu a yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 cewa baƙo ba zai zauna a can ba sai da izininsu. Shekara shida bayan haka, a 1874, aka gano zinariya a duwatsun Black Hills, alkawari ya tashi. Aka yi yaƙin Little Bighorn a watan Yunin 1876, inda 'yan asalin ƙasar suka hallaka Custer, hafsan sojan Amurka, da sojojin da ke tare da shi. Gwamnati ta turo ƙarin dakaru, aka bi su cikin sanyi ana ƙona tantunansu da abincinsu. A 1877 majalisar dokoki ta ƙwace ƙasar, Crazy Horse, jagoran yaƙin Lakota, ya miƙa wuya a watan Mayu, aka kashe shi a watan Satumba yana hannun soja. Ɓaunar da suke rayuwa a kanta, wadda a da ake lissafa ta da miliyoyi, mafarauta suka yi ta harbewa saboda fata har ta kusa ƙarewa.

Ka lissafa, Malam Edita. Daga 1877 zuwa 1881 shekara 4 ce kacal. Lokacin da jarumarmu take tsaye a bakin rafi tana mafarkin inda za ta dasa furanni, matan da suka saba ɗiban ruwa a wannan rafi suna nan da ransu, an tsare su a keɓaɓɓun wurare suna jiran rabon abincin gwamnati. Su ma zawarawa ne da yawansu, su ma sun binne maza. A cikin littafin gaba ɗaya sau ɗaya aka ambace su, inda jarumin ya nuna tabon kibiya a kafaɗarsa don ya burge ta. Kuma maganar ba ta mutu ba. A 1980 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa an karɓi Black Hills ba bisa ƙa'ida ba, ta ce a biya diyyar sama da dala miliyan 100. Mutanen suka ƙi karɓar kuɗin, suka ce ƙasarsu suke so.

Haka kuma duk ma'aikatan garken jarumin farar fata ne. Alhali masana tarihi da yawa sun ƙiyasta cewa cikin kaboyi huɗu da suka riƙa koro shanu daga Texas zuwa arewa, wajen ɗaya baƙar fata ne, yawancinsu waɗanda suka fito daga bauta bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865. Ita ma sana'ar, daga sirdi har igiyar zarge saniya, wajen makiyayan Meziko aka koyo ta. Na yi shekaru ina kallon finafinan nan tare da yayyena maza ban san akwai kaboyi mai irin fatata ba.

Ba na cewa marubucin soyayya ya mayar da littafinsa darasin aji. Amma wadda ta iya bin diddigin dokar filaye har ta san kuɗin rajista, ta san kuma yadda aka yi filin ya zama na gwamnati. Da ta sa jarumar ta tsinci tukunya ko ɗan takalmin yaro a inda take haƙa harsashin ɗakinta, ta tsaya ta yi tambaya ko sau ɗaya, da littafin ya fi haka nauyi, kuma da soyayyar ba ta ragu da komai ba. Mace da ta san zafin a fitar da kayan uwarta waje, ita ce ta fi cancanta ta ji wannan a jikinta. Na ji daɗin littafin, na yi hawaye a wurin da jarumin ya ɗauko dokinsa ya raka ta ofishin filaye da kansa ya tsaya a waje yana jiranta, amma wannan giɓi ya hana ni rufe shi da kwanciyar rai.

Roƙona gare ku guda biyu ne. Ku buga wurin da aka yi gwanjon kayan mahaifiyar jarumar, don ɗan'uwanmu na Gusau da 'yar'uwarmu ta Maraɗi su gani su sake auna maganarsu. Sannan idan za ku sake kawo littafi daga yammacin Amurka, ku nemo wanda ɗaya daga cikin 'yan asalin ƙasar ya rubuta, domin suna da marubuta, mu ji yadda labarin kwarin nan yake a bakinsu.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.

Taku,
Wata tsohuwar malamar tarihi,
Tudun Wada, Zariya.