Zuwa ga aminina na Fatakwal, labarin lambunmu

Assalamu alaikum mutumina,

Ina gajiya, ina aiki, ya iyali, ya ruwan garinku wanda ba ya ɗaukewa? Ina fata kai da uwargida da yara duk kuna lafiya. Mu nan Sakkwato sai godiya, hunturu ne dai ya matsa mana bana, da safe hazo ko ƙarshen titi ba ka hange, leɓe duk ya tsattsage, ƙafa ta yi faso. Na san ka yi fushi da shiruna, wallahi saƙonka na gan shi tun ran nan, na ƙi amsawa ne don abin da nake son faɗa maka ba na saƙon murya na minti biyu ba ne, sai an zauna.

Ka ce ka sayi albasa uku 'yan ƙanana da kuɗin da a da za a cika maka leda a kasuwar Ramin Kura har a yi maka gyara. Na yi dariya sosai, don albasa ita ce ta jawo duk wanga labari.

Farkon zangon karatun da ya wuce ina koyar da 'yan aji 5 darasin aikin gona, sai na zo da irin albasa a tafin hannuna, na zagaya aji na ce wa zai faɗa mini ko mene ne wannan. Yara 43. Wani ya ce gawayi ne anka daka, wata ta ce habbatus sauda ce, kuma ban ga laifinta ba don sun yi kama ƙwarai. Yarinya ɗaya tal ta sani, ita ma don babanta shina noman rani a fadamar Kwalkwalawa ne. Ka ji fa, a Sakkwato! Garin da kullum manyan motoci ke lodin albasar Goronyo da Wurno da Rabah da Kware ana kai muku kudu, amma ɗiyan birni ba su san ƙwayar da take fitowa daga ciki ba. Abin ya tsaya mini a rai har na koma gida ina ta juya shi.

Kuma da na duba da kyau sai na ga ba laifin yaran ba ne. Ka tuna gonar makarantarmu ta firamare? Wa anka taɓa kaiwa can don a koya mishi wani abu? Wanda ya makara, wanda ya yi surutu, wanda bai wanke rigarshi ba, shi ake miƙa ma hauya a ce ga kunya biyar. Ni da kai mun sha ta, kai ma har ka fi ni don ba ka taɓa zuwa kafin a kaɗa ƙararrawa ba. In kaka ta yi a roro wake a cire gyaɗa, mu ɗauka a ka mu kai gidan wani, ko ƙwara ɗaya ba ta shiga bakinmu. To ta ina za mu so noma? Shi ya sa da na je wurin hedimasta neman fili na gindaya sharaɗi biyu, na farko ba za a taɓa kai yaro lambunga don horo ba, na biyu duk abin da ya fito cikin tukunyar yara zai ƙare, malami ko ganye ɗaya ba zai kai gida ba, har ni. Ya kalle ni ya yi murmushi ya ce to Malam, Allah ya ba da sa'a, irin murmushin nan na wanda ya tabbata sati biyu za ka gaji.

Filin da anka ba mu bayan aji ne jikin katanga, ƙasa ta yi tauri kamar siminti, ga fasassun bulo ga leda. Cikin Nuwamba munka fara. Kwana huɗu muna tsintar leda kawai. Yara sunka kawo kashin awaki da na tumaki daga gida cikin tsofaffin buhuna, wasu toka, munka ja fangali 12. Ni da ke riƙe da littafi ina ganin na san komai, ashe malamin gaskiya shina zaune bakin ƙofa, wato Baba, tsohon da ke mana gadi, wanda ya yi shekaru shina lambu a fadama kafin ƙarfi ya ƙare. Kwana biyu shina kallonmu bai ce uffan ba, rana ta uku ya taso ya ce Malam wanga taki ɗanye ne, in kunka zuba shi haka ƙone shukar zai yi, ku tara shi ku yayyafa ruwa ku rufe ya ruɓe tukuna. Shi ya nuna ma yara a gauraya irin alayyahu da yashi kafin a watsa, don ƙwayar ta cika ƙanƙanta, in ba haka ba wuri ɗaya za ta taru ta fito cunkus. Shi ya ce ban ruwa da sassafe ne ko da marece, ba da rana tsaka ba. Kuma shi ya ce kada in shuka guro yanzu, ba ya son sanyi, na ƙi ji na ce a gwada, ga shi can har yau bai wuce taƙi ɗaya ba, kullum in Baba ya wuce ta wurin sai ya gaishe ni da "Malam ya guro?" yara su fashe da dariya.

Mun shuka alayyahu, sure, rama, latas, karas, munka yi dashen tumatir da albasa. Na raba sarautu don kowa ya san aikinshi, akwai Sarkin Noma, akwai Sarkin Ruwa, akwai Magajiya mai kula da kayan girki, akwai Ma'aji mai littafin lissafi, kuma duk wata ake sauyawa. Kada ka raina abinga, yaron da ke Sarkin Ruwa a watan farko shi ne ya fi kowa rashin ji a ajin, amma tun da anka naɗa shi kafin ƙarfe 7 shina makaranta da bokitinshi.

Ruwa shi ne babbar wahala. Ga Gulbin Rima kusa da mu, ga dam ɗin Goronyo a sama, amma famfon makaranta sai ya ga dama yake kawowa. Da farko ina sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa daga aljihuna, na ga albashi ba zai ɗauka ba, sai munka ce kowane yaro ya zo da gora ɗaya ta ruwa daga gida, ko wanda anka wanke shinkafa da shi ne. Wata yarinya ce ma ta kawo dabarar da ta fi tawa, ta ce Malam ruwan alwala fa da ke zuba a banza? Munka haƙa 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin wata tsohuwar zogala da ke jikin katanga wadda ba mai kula ta, cikin sati uku ta yi sabon toho kore shar.

Alayyahu bai kai wata ɗaya ba ya isa yanka. Ana saura kwana biyu mu yanka, ranar Litinin da safe munka tarar da jar akuya da ɗiyanta biyu a tsakiyar fangali, sun share uku tas, sun taɓa latas. Ka san jar akuyarmu ta Sakkwato da ake yabon fatarta har ƙasashen waje, to ranar ba wanda ya yabe ta. Yara mata kuka wiwi, Sarkin Noma ya kama ta ya ɗaure ya rantse sai an kai ta gaban mai unguwa an biya su. Da ƙyar na lallashe shi. Amma ka san me, ban taɓa ganin yaranga sun haɗa kai kamar ranar ba, ba wanda ya sa su, washegari wannan ya zo da karan dawa, wancan da ƙaya, wasu da tsofaffin gidajen sauro, kafin a tashi sun kewaye lambun. Da ƙwari sunka fara huda ganyen tumatir kuma Baba ya sa anka daka ganyen dogon yaro da 'ya'yanshi, anka jiƙa ya kwana, anka tace anka sa ɗan sabulu munka yayyafa. Nan na ba su labarin tsutsar sharon da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har ya gagari talaka, lokacin wasunsu ma ba su san duniya ba.

Sai maganar girki, wadda ita ce ta kusa jawo mini rigima. Na ce kowa zai yi, maza da mata. Kwana biyu sai ga wani uba ya zo ranshi a ɓace, wai ya turo ɗanshi karatu ne ba tuƙin tuwo ba, za mu mai da mishi yaro mace. Na ba shi kujera, na bari ya gama. Na ce Alhaji mai shayin da kake karyawa wurinshi namiji ne ko mace? Mai tsire da mai balangu fa? In yaronga ya samu jami'a ya tafi Zariya ko Maiduguri, ko hidimar ƙasa ta jefa shi inda abokina yake, wa zai dafa mishi? Na tuna mishi kuma abin da ya zo a hadisi daga Nana A'isha, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance cikin hidimar iyalinshi a gida. Ya yi shiru, ya ce to amma kada a sa shi daka. Na ce na yarda. Ni ma ban matsa ba, ka san mutanenmu, in ka samu rabi ka karɓa.

Ranar Alhamis munka yi girkin farko ƙarƙashin dogon yaro, murhu biyu na duwatsu. Dattijuwar da ke sayar da abinci bakin makaranta ta ara mana tukwane da muciya, ta tsaya a kanmu. Tuwon dawa da miyar sure, da kwaɗon zogala da ƙuli. Gari da man gyaɗa da daddawa iyaye sunka tara. Kafin kowa ya taɓa komai sai da ya wanke hannu da sabulu, Magajiya na tsaye da buta tana duba farce kamar soja. Na sa Ma'aji da mutanenshi su lissafa tiya nawa ta gari za ta ishi mutum 43 in tiya ɗaya na ciyar da mutum kaza, wallahi rabawar da na yi sati uku ina fama da su a allo, nan gaban tukunya sunka warware ta don ba mai son tuwo ya kasa.

Da ka ga ɗan Alhajin nan da muciya! Anka yi talge ya dahu, anka fara zuba gari, shi ya ce shi zai tuƙa. Hayaƙi ya cika mishi ido, majina na zuba, tukunya na gudu, sai da yara biyu sunka danne ta da tsumma, tuwo ya yi gudaji kamar tsakuwa. Dattijuwa ta karɓa ta nuna mishi yadda ake dannawa jikin tukunya ana juyowa, ta mayar mishi. Ya yi gumi sharkaf cikin sanyin nan, da ya gama ya sauke numfashi ya ce "ashe haka Inna ke yi kullum?" 'Yan mata sunka yi mishi ihu. Miya kuwa gishiri ya so ya yi yawa don mutum uku sunka zuba, kowa bai san wani ya sa ba, anka ƙara ruwa da gyaɗa ta gyaru.

Mun ci a faranti ɗaya mutum shida shida. Akwai yaron da uwarshi ta ce ko ganye ɗaya ya gani a miya sai ya ture kwano, ranar shi ya suɗe kwanon kwaɗo, har ta aiko tana tambaya me munka sa a ciki. Ba mu sa komai ba, shi ya tsinko zogalar da hannunshi. Akwai kuma wanda na daɗe da lura ba ya fita tara, sai ya kwantar da kai a benci ya ce barci yake ji, na san ba barci ba ne. Da na ba shi kuɗi a gaban mutane da na kunyata shi. Amma ranar girki ba mai bayarwa ba mai karɓa, shi ya yi ban ruwa kamar kowa, ya ci nashi da ƙarfin gwiwa har da neman ƙari. Ka san shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 na 'yan aji 1 zuwa 3 ne, nawa sun wuce nan, kuma shi lokacin da ake yinshi dafaffe ake kawowa a zuba maka. Namu ɗan kaɗan ne, sau ɗaya a sati biyu, amma yaro ya san daga wane fangali lomarshi ta fito.

Abin da ke damuna yanzu zafi. Ka san Maris da Afrilu a garinga, in ya haura digiri 40 latas da alayyahu ba za su kai labari ba sai da ruwa safe da marece, ga hutu na tafe. Yaran da ke kusa sun ce za su riƙa zuwa bi da bi, Baba ya ce zai sa ido. In damina ta faɗi a Yuni za mu sa wake da gyaɗa da kabushi, da guro don in rama abin da anka yi mini. Albasa kuwa ta fara ƙwai, Baba ya ce sai ganyen ya kwanta da kanshi za a cire a shanya. Yara sun yi zama sun yanke cewa za a sayar da rabi a sayi tiyo, don ɗaukar bokiti ya ishe su.

Ba roƙo nake ba fa, amma in tiyon ya fito daga Fatakwal ba za mu mayar ba. Sannan ka samo mini irin ugun nan da kuke ci, in gwada shi da damina in gani ko zai yarda da ƙasarmu, ka ba direbobin albasa masu dawowa su taho da shi. Ni kuma zan roƙi Ma'aji ya sayar mini da 'yar leda ɗaya in aiko maka, don ya riga ya faɗa mini ko ni sai na biya.

Ka gaida uwargida da yara, Inna na gaishe ka tana cewa ka manta hanyar gida. Ga kiran Magariba, bari in tashi.

Naka har kullum,
abokinka na Sakkwato