Sanarwa kan kuɗin wuta

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ganin yadda ake ta kuka da kuɗin wuta, ga abin da ya kamata kowa ya duba.

Tun Afrilun 2024 NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga farashin wuta ga ƴan rukunin Band A daga wajen ₦68 zuwa ₦225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Sharaɗin Band A shi ne wuta awa 20 kullum. Ku duba rasitinku. In an sa ku a A alhali awa goma kuke gani, ku riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa har sati biyu, ku kai wa kamfanin wuta ƙorafi a rubuce, ku ajiye kwafi. Bayan kwana 15 na aiki shiru, sai ofishin ƙorafi na NERC.

Canza kamfani kam babu hali: Kano, Katsina da Jigawa duk KEDCO ne kaɗai, shi ya sa rashin mita ke da ciwo, don kuɗin ƙiyasi za su riƙa kawo muku. Ku nemi mita.

Sannan a kula da hita da dutsen guga. Hita mai wat 2,000, awa ɗaya yunit biyu take ci.