Gidajen Haya Masu Sauƙi Domin Tsofaffi

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili in jawo hankalin masu karatu ga tarihin ƙungiyar Mercy Housing ta Amurka, wadda matan zuhudu na cocin Katolika suka kafa a birnin Omaha a shekarar 1981, bayan sun ga yadda tsadar haya ke raba talakawa da muhalli. Ƙungiyar ba ta neman riba. A yau hedikwatarta tana Denver, kuma tana gina gidaje tana kula da su domin iyalai marasa ƙarfi, da masu naƙasa, da tsofaffi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin gwamnatin ƙasar na gidajen tsofaffi, wanda ya samo asali daga wata dokar gidaje ta shekarar 1959, inda dattijo ke biyan kusan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu a matsayin kuɗin haya.

A nan Zariya, daga Sabon Gari zuwa Samaru, na ga dattawan da suka yi ritaya ana ba su takardar tashi saboda fansho bai kai kuɗin haya ba, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ina roƙon masu hannu da shuni, da masallatai da coci-coci, su ware filaye da wakafi domin gina wa iyayenmu irin waɗannan gidaje.

Naku,
Wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya