Mai Shirin Zuwa Salalah Ya Fara Sanin Lokacinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in ja hankalin masu sha'awar ziyartar Salalah, babban birnin lardin Zufar a kudancin Oman, inda tsaunuka suka tsaya daf da bakin teku. Hotunan korayen duwatsu da ake yaɗawa gaskiya ne, amma na wata uku ne kacal.

Daminar da suke kira kharif tana kamawa daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba. Iska ce ke kwaso raɓa daga teku, tsaunukan Ƙara su tare ta, sai a wuni ana yayyafi, zafi bai cika wuce digiri 27 ba. Matsalar ita ce, a Yuli da Agusta hazo kan rufe komai. Mutum ya hau Jabal Ittin, wajen kabarin da ake dangantawa da Annabi Ayuba (AS), ya kasa ganin motar da ke gabansa, ga raƙuma da shanu suna ratsa titi yadda suka ga dama. Masauki kuma ya yi tsada. A ganina Satumba ta fi: hazo ya ja baya, ciyawa ba ta bushe ba, akwai sauran ruwa a kwarin Wadi Darbat.

Teku kuwa ba abin wasa ba ne a wannan lokaci. A Mughsail, kilomita kusan 40 yamma da gari, igiyar ruwa kan feso ta ramukan dutse kusa da kogon Marneef. A tsaya bayan shinge. Ruwa ya taɓa kwashe masu ɗaukar hoto a wajen.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda baƙi ke tsallake tarihin lubban. A 2000 UNESCO ta sanya wurare huɗu masu alaƙa da lubban cikin kayan gadon duniya: Al-Balid, Khor Rori, Shisr da Wadi Dawkah. Na ƙarshen yana bayan tsaunuka inda damina ba ta kaiwa, nan bishiyar lubban, 'yar uwar hanonmu, take. Ana kankare ɓawonta, farin ƙaro ya tsatso, a bar shi kamar mako biyu ya daskare kafin a ɗebe. Mai saye a kasuwar Haffa da ke Salalah ya nemi hojari, wato nau'in lubban mafi daraja, ya ɗaga shi a haske: mai kyau fari ne ko ya ɗan yi kore-kore, mai duhu ya fi araha.

Daga Maskat, babban birnin Oman, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce ta mota, jirgi kuwa kamar awa ɗaya da rabi.

Wassalam,
Wani mai karatu