Mutumina, kiristal ɗin ya fito

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Wata biyar ke nan ban ji ɗuriyarka ba. Na san za ka ce kai ne ka yi rubutu na ƙarshe, to ban yarda ba, layi biyu da hoton takardar sakamako ba su kai a kira su wasiƙa ba. Bari in fara sauke abin da ke cina, don tun ranar Talata bakina ya ƙi rufuwa.

Kiristal ya fito. Wallahi ya fito.

Ka san wata bakwai ina fama da abin nan. Duk lokacin da na zuba ruwan gishirin baƙin ƙarfe a kan tirayazol, sinadarin nan mai siffar zobe, kafin ka ƙifta ido gari ya kwanta a gindin kwalba. Gari ne mai kyau, ruwan hoda, kuma yana sauya launi yadda ake so, sai dai na'urar eksire da nake nema ƙwaya ɗaya tak take karantawa, mai fuska da gefe. Halin tirayazol ɗinmu na 1,2,4 ne ke jawo haka. Cikin naitirojin ukun da ke zoben, biyu maƙwabtan juna ne, ɗaya ya damƙi wannan ƙarfen, ɗaya ya damƙi na gaba. Zobe uku ne ke haɗa kowane ƙarfe da mai bi masa, sarƙa ta yi ta tsawo a guje, ba ta narkewa, ba ta kuma jiran kowa ya jera ta. Da na ga sauri ne matsalar, sai na koma siririn bututu. Gishirin ƙarfe a ƙasa, ruwa zalla a tsakiya, ligan, wato tirayazol ɗin da zai damƙi ƙarfen, a sama, in toshe baki in kai can ƙuryar kabad inda hannun kowa ba ya zuwa, su sadu a hankali. Goma sha shida na farko duk sun watsa mini ƙasa a ido. Wasu gari suka sake bayarwa, wasu kuma iska ta shige su suka koma rawaya kamar tsatsa, ƙarfe mai caji biyu ya zama mai uku. Sai da na ƙara ɗan asid ɗin askobik a ruwan ƙasa kafin wannan ta kau.

Na goma sha bakwai ne ya haihu. Ee, goma sha bakwai, kuma kada ka soma, na san abin da wannan lamba ke tuna maka.

Na ɗaga bututun a gaban fitila, sai ga wasu 'yan ƙyalƙyali manne a jikin gilashi, daidai inda ruwayen biyu suka haɗu. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, falle-falle ne marasa launi, babu wanda ya kai rabin milimita. Dattijon nan mai kula da na'ura ya ɗauko ɗaya da ɗan zobensa da ɗigon mai, hannunsa ko rawa ba ya yi, ya ɗora, ya sakar masa iskar naitirojin mai sanyi. Muna kallon allo, lambar zafi tana sauka, sai na ga gefen kiristal ɗin ya fara rina. Kafin a kai Kelbin 100, wato digiri 173 ƙasa da sifili, ya zama shunayya sosai. Ban san lokacin da na riƙe kafaɗar dattijon ba. Shi kuwa cewa ya yi, "Malam, sake ni in daidaita shi tukuna."

Washegari tsarin ya fito, kuma ba sarƙa ba ce. Ƙarfe uku ne a jere, zoben tirayazol shida suna haɗa su. Na tsakiya naitirojin shida ne kewaye da shi. Na gefe biyun kowanne yana da naitirojin uku, ragowar gurbi ukun ruwa ne ya cike. An daɗe da sanin irin wannan tsari, ba ni na fara ganinsa ba, amma ganinsa da ligan ɗina, da lambobin da na auna da kaina, daban ne. A cikin sanyin, tazarar ƙarfen tsakiya da naitirojinsa kusan angistirom 2.0 ce (angistirom shi ne ma'aunin tazarar ƙwayoyin zarra), na gefe kuwa suna wajen 2.2. Ka ga na tsakiya kaɗai ya juya. Ilektiron shidansa sun haɗu bibbiyu, ya tsuke, ya daina amsa kiran maganaɗisu, shi ne ya kawo shunayyar. Na gefe suna nan da ilektiron huɗu marasa abokin zama, don ruwa ba shi da ƙarfin matsa su su haɗu, komai sanyi.

Kai fa da ka koma wajen 'yan tirayazol na 1,2,3 ka daina kula mu. Tun da aka ba Sharpless da Meldal da Bertozzi kyautar Nobel a 2022 kake tafiya kamar da kai aka raba. Na yarda kimiyyar kilik da ta ja musu kyautar, ta haɗa molakul biyu cikin sauƙi, abin so ce. Masanin kimiyya Huisgen ya sha dafa sinadaran azayid da alkayin da zafi yana samun zoben tirayazol iri biyu a gauraye, sai a 2002 aka gano jan ƙarfe mai caji ɗaya yana ba da na 1,4 shi kaɗai, a zafin ɗaki, har a cikin ruwa. Amma ku zobenku kuke ɗinkawa ku wanke jan ƙarfen ku zubar, mu kuwa ƙarfen ne gaba ɗaya labarin. Af, tunda na ambaci azayid, har yanzu kana ɗibar sodiyom azayid da cokalin ƙarfe? Don Allah ka bari. Ka nemi na roba, kada ka haɗa shi da asid, kada ya kusanci daikuloromitan, kuma kada ragowarsa ya bi bututun wanki. Wannan ba wasa nake maka ba, ina tuna yadda kake aiki in kana sauri.

To ga abin da ya hana ni barci. Oga sarƙa yake so. Da na kai masa hoton, ya duba ya ce madalla, sannan ya tambaye ni yaushe za a samu ta ainihin. Na gane dalilinsa. Tun 1931 wani masani mai suna Cambi ya ga irin wannan juyin ƙarfe a Italiya, amma abin da ya ɗaga darajar tirayazol shi ne aikin Olivier Kahn a Faransa, musamman maƙalarsa da Martinez a mujallar Science a 1998, inda suka nuna sarƙar za ta iya riƙe bayani. Sanannen garin sarƙar tirayazol ɗin nan mai tetirafuloroboret sai ya ɗan wuce zafin tafasar ruwa yake komawa fari, in kuma ana sanyaya shi ba ya dawowa shunayya sai an sauko da kusan digiri 40. A cikin wannan tazara launinsa yana gaya maka daga inda ya fito, daga zafi ko daga sanyi. Sarƙa ce ke ba da haka, domin in ƙarfe ɗaya ya kumbura da kashi goma cikin ɗari, dole ya ture na kusa da shi, shi ma ya ture na gaba, su juya tare. Nawa kuwa, kowane ƙarfe mai juyawa yana zaune tsakanin biyu da ba sa motsi. Launin ma a hankali ya shigo, na gani da idona.

Ni kuma abin da ke wajen molakul ɗin ne ya kama ni, har na kasa ɗauke ido. Ruwa shidan nan da ke bakin gefe biyu, kowanne ya miƙa haidirojinsa ga oksijin ɗin tosilet, wato anayon, abokin ƙarfen mai kishiyar caji a cikin gishirin, tosilet ɗin kuma ya kama wani ruwan na rukunin gaba, zobbansa masu kabon shida sun kwanta kan juna kamar an jera faranti. Babu ɗauri mai ƙarfi ko ɗaya a wurin, amma su ne kaɗai hanyar da wannan rukuni zai ji motsin wancan. Ka tuna garin da na manta a tukunyar busarwa, da na dawo na tarar zafin juyinsa ya gusa? A lokacin na ɗauka na ɓata shi ne. Yanzu na fahimci ruwan da ke tsakanin sarƙoƙin ne ya fita, ƙarfe da ligan suna nan yadda suke, amma hali ya sauya. A gari sai dai in yi hasashe, a kiristal kuwa ina iya auna tsawon kowane ɗaurin haidirojin in rubuta. Abin da masanin kimiyya Lehn ke nufi ke nan da kimiyyar da ta wuce molakul, wadda ta kai shi ga Nobel a 1987 tare da Cram da Pedersen. Mun haddace wannan don jarrabawa, sai yanzu ya shiga jikina. Ko a ɓangarenku haka ne, ai ka san zoben da wani masani mai suna Flood ya gina a 2008, wanda ke riƙe kulorayid da haidirojin ɗin da ke kan kabon na tirayazol, irin ɗaurin da da can ake raina wa.

Shi ya sa nake so in bar ligan yadda yake, in riƙa sauya anayon kawai. Tosilet na riga na samu, sai tirifilet, sai tetirafuloroboret, sai naitiret. Fakuloret kam ba zan taɓa ba, yana iya fashewa, ni kuwa ina son yatsuna. In na samu kiristal uku ko huɗu, na auna maganaɗisun kowanne daga sanyi zuwa zafi da dawowa, zan iya cewa ga ɗaurin da ya ja juyin sama, ga wanda ya sassauta shi. Oga ya ce wannan aikin shekara ne, kuɗin binciken kuwa saura wata takwas. Bai hana ba, bai kuma ce a yi ba. Ka san shirunsa.

Kafin in manta, yarinyar nan ta benci na biyu ta kare digirinta, an riƙe ta awa uku, ta fito tana dariya. Ta ce in gaya maka har yanzu tana jiran littafinta. Mai tabarau kuma ya bar bincike ya koma koyarwa, ya yi ƙiba, ya daina faɗa da kowa a kan ma'auni. Dattijon na'ura zai ajiye aiki ƙarshen shekara, kuma wannan ya dame ni fiye da yadda na zata, don ban ga wanda zai ɗauki falle mai rabin milimita bai fasa shi ba. Ina so kiristal ɗina duka su bi ta hannunsa kafin ya tafi.

An ba ni kwana biyu a na'urar auna maganaɗisu cikin wata mai zuwa, kuma tana buƙatar miligiram da dama, ni kuwa abin da ke hannuna bai kai ko ɗaya ba. Jiya na jera sababbin bututu goma sha biyu a kabad, na manna takarda a ƙofar cewa kada a buɗe da ƙarfi. In kana da wata dabara ta hana kiristal mai ruwa a ciki bushewa kafin a auna shi, ka rubuto da wuri, don biyu daga cikin nawa sun riga sun dushe sun yi fari a kan gilashi cikin minti goma.

Ka gaida mutanen gida, ka shafa mini kan yara. Wasiƙa nake jira, mai shafi, ba layi biyu ba.

Naka har kullum,
abokin bencinka